Girman kilim ɗin da ya dace da sabon gida mai makarin zafi: tambayoyi da amsoshi

Wasu daga cikin masu gina sababbin gidaje a Garwa da Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, sun fara sa makarin zafi a gininsu, wato su shimfiɗa audugar gilas ko farin soson polistiran a saman silin, su yi bango ruɓi biyu da soso a tsakani, su kuma sa tagogi masu gilas biyu. Kuɗi ne mai yawa, kuma kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Abin da ke damuna shi ne, da zarar gini ya ƙare aka zo maganar kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai a koma ga lissafin da ake yi wa gidan kwano da bulo zalla, a sayo na'urar da ta ninka bukatar gidan sau biyu ko sau uku. Ga tambayoyin da masu irin wannan gida suka fi yi, tare da amsoshinsu.

Mene ne famfon zafi, kuma me ya haɗa shi da kilim ɗin da muka sani?

Abu ɗaya ne. Kilim ba ya ƙirƙirar sanyi, aikinsa shi ne ya kwashe zafin da ke cikin ɗaki ya zubar da shi waje. Akwai gas da ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe tsakanin ɓangaren ciki da ɓangaren waje. A ciki gas ɗin yana shanye zafin iskar ɗaki, kwamfireso ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, sannan fanka ta hura zafin ya bi iska. Firjin da ke gidanku ma haka yake aiki, shi ya sa bayansa yake da ɗumi. A Turai an fi amfani da wannan na'ura a juye, ta ɗebo zafi daga waje ta shigar da shi gida a lokacin sanyi, kuma a can ne aka fi kiranta famfon zafi. Da yake ɗaukar zafi take yi daga wuri zuwa wuri, na'ura mai kyau tana iya kwashe kilowat uku ko fiye na zafi da kilowat ɗaya na wutar lantarki.

Misalinta kamar mai kwarfe ruwa ne daga kwalekwale a kogin Binuwai. Girman ƙwaryar da yake bukata bai danganta da tsawon kwalekwalen ba, ya danganta ne da yawan ruwan da ke shigowa. Wanda ya toshe kafofin jirginsa da kyau, 'yar ƙaramar ƙwarya ta ishe shi. Makarin zafi shi ne toshe kafofin.

Idan an ce kilim mai doki ɗaya ko doki biyu, me ake nufi?

A kasuwanninmu da doki ake ciniki, kuma a kwali za ku ga an rubuta CV, wato doki a taƙaice da Faransanci. Wannan ma'auni ne na 'yan kasuwa, bai da tsayayyiyar ƙa'ida. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa, wanda ake rubutawa da BTU (wani ma'aunin yawan zafi) ko da kilowat. Kilowat ɗaya daidai yake da BTU 3,412 a awa. A bisa al'ada, doki ɗaya shi ne BTU 9,000, wato kusan kilowat 2.6. Doki ɗaya da rabi shi ne BTU 12,000, kusan kilowat 3.5. Doki biyu shi ne BTU 18,000, kusan kilowat 5.3. Kada a rikita wannan da wutar da na'urar ke sha, wadda ita ma da wat ake rubuta ta a jikin na'urar: mai BTU 9,000 yakan sha abin da bai kai kilowat ɗaya ba idan yana aiki da dukan ƙarfinsa.

Malam, mai shago ya tambaye ni faɗi da tsawon ɗaki kawai, ya ce in ɗauki doki biyu. Wannan bai isa ba?

Alhaji, ga gidan da aka saba gani, shawararsa ba ta da laifi. Ya koyi lissafinsa ne daga ɗakunan da ya sha sa wa kilim, masu rufin kwano da silin na falanki siriri, da bangon bulo ɗaya, da tagar da rana ke duka kai tsaye. A irin waɗannan ɗakuna zafin da ke shigowa yana tafiya ne kusan daidai da faɗin ɗaki, don haka awon ƙasa yakan ba da amsa mai kusa da gaskiya. Gidanku kuwa an gina shi ne musamman don ya saɓa wa wannan lissafi. Santimita goma na audugar gilas a saman silin yana rage zafin da ke ratso rufi zuwa kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na abin da yake a da, kuma rufi shi ne babbar ƙofar zafi a gidan da ba bene ba, domin da tsakar rana hasken rana yana sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita.

Masu gini a ƙasashen sanyi sun daɗe da fahimtar wannan. A Jamus, a birnin Darmstadt, an gina gida a 1991 bisa tsarin da ake kira Passivhaus, wanda ƙa'idarsa ita ce kada bukatar ɗumama gida ta wuce wat 10 a kowane murabba'in mita a ranar da ta fi sanyi. Gida mai murabba'in mita 100 kilowat ɗaya kacal yake bukata. Yanayinmu ya bambanta da nasu, amma hanyar da zafi ke bi ta bango ɗaya ce, ko fita yake yi ko shiga.

To, yaya ake yin lissafin na gaskiya?

Ana bin kowace hanya da zafi ke shiga ɗaki, a auna ta, sannan a tara. Hanyoyin su ne rufi, da bangon da ke kallon waje, da gilashin taga, da hasken rana da ke ratso tagar, da iskar waje da ke shigowa, da mutanen da ke ciki, da kayan wuta. Ga rufi da bango da gilas, ana ninka abubuwa uku: faɗin wurin, da bambancin zafi tsakanin waje da ciki, da wani adadi da ake kira U, wanda ke nuna yawan wat da ke ratsa murabba'in mita ɗaya idan bambancin digiri ɗaya ne. Ƙarancin U shi ne ingancin makarin zafi.

Mu ɗauki misalin ɗakin kwana a Garwa, mita 4 sau 4, tsayinsa mita 3, bango biyu suna kallon waje, da taga mai murabba'in mita 2 a yamma. Mu ce da la'asar ɗin wata ranar Afrilu waje yana digiri 43, ciki kuma muna son digiri 26, bambancin ya zama 17. Da yake rana tana gasa rufi da bango fiye da zafin iska, za mu ɗauki bambancin 40 ga rufi, da 22 ga bango.

Idan ɗakin na ginin da aka saba ne, rufi mai U kusan 2.5 zai shigo da wat 1,600. Bangon bulo mai murabba'in mita 22 da U kusan 2.8 zai shigo da wat 1,355. Gilas ɗaya zai ratso da kusan wat 200, rana kuma ta ƙara kusan wat 1,000 ta tagar yamma da ba ta da inuwa. Iskar da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, mu ce wat 500. Mutum biyu wat 240, talabijin da fitilu wat 150. Jimilla ta ɗan haura wat 5,000, wato kusan BTU 17,000. Kun ga ke nan mai shago da ya ce doki biyu ya san abin da yake faɗa.

Yanzu mu mayar da ɗakin irin naku. Rufi mai U 0.35 zai shigo da wat 224. Bango mai U 0.5 zai shigo da wat 242. Gilas biyu wat 95, kuma da yake an yi wa tagar rumfa, rana ba za ta ƙara fiye da wat 200 ba. Iskar shaƙa ga mutum biyu, mu ce mita kubik 50 a awa, ana ninka ta da 0.34, wato adadin zafin da iska ke ɗauka, sannan da bambancin digiri 17, ta ba da kusan wat 290. Mutane da kayan wuta suna nan yadda suke, wat 390. Jimilla kusan wat 1,440, abin da bai kai BTU 5,000 ba. Ɗaki ɗaya ne, faɗi ɗaya, gari ɗaya, amma bukatarsa ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Mafi ƙanƙantar kilim da aka fi samu a kasuwa, mai doki ɗaya, ya ishe shi har da rara.

Waɗannan alƙaluma misali ne don a ga yadda ake yi, kowane gida da nasa. Abin lura a cikinsu shi ne, a ɗaki mai makarin zafi, taga da iska da mutane da kayan wuta su ne suka zama kaso mafi girma, ba rufi da bango ba. Saboda haka wanda zai yi muku lissafi dole ya tambayi inda tagogi suke kallo, da mutum nawa ke kwana a ɗakin, da ko akwai firji ko firiza a ciki. A Amurka ana yin wannan lissafi da wata ƙa'ida mai suna Manual J, kuma injiniyan gini ko ƙwararren mai haɗa kilim zai iya yin irinsa idan aka ba shi zanen gidan.

Idan ina da hali, mene ne laifin sayen babba? Ai gara ya yi yawa da ya gaza.

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma tsoron da ke bayanta gaskiya ne, domin duk wanda ya kwana a Marwa ko Njamena a watan Afrilu ba ya son ya sake jin labarin kilim da ya kasa. Amma na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana da illoli na zahiri.

Na farko, tana kunnawa tana kashewa ba ƙaƙƙautawa. Cikin 'yan mintoci ta hura iska mai tsananin sanyi, ma'aunin zafin da ke jikinta ya ga an kai digirin da aka nema, kwamfireso ya tsaya, alhali bango da katifa da kaya ba su huce ba. Jim kaɗan sai ta sake tashi. Tashin kwamfireso shi ne lokacin da ya fi wahala a gare shi, kuma yawan tashi yana rage masa kwana. Mai barci a ɗakin kuma zai riƙa jin sanyi ya dake shi, ya ja bargo, can kuma ya yaye.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muni, shi ne danshi. Kilim yana busar da iska ne ta hanyar tara raɓa a jikin bututunsa mai sanyi, raɓar ta taru ta gangara ta tiyo zuwa waje. Wannan yana bukatar na'urar ta daɗe tana aiki, domin sai bayan wasu mintoci ruwa yake fara ɗiga. Idan ta tsaya da wuri, raɓar da ta fara taruwa sai fanka ta sake mayar da ita cikin ɗaki. A bazara ba za ku lura ba, tunda iskar a bushe take. Amma a watan Agusta, musamman a Garwa da ke bakin kogi, zafin waje yakan sauko kusa da digiri 30, bukatar sanyi ta ragu kusan rabi, danshi kuma ya kai maƙura. A nan ne za ku ga ɗaki ya yi sanyi amma jiki yana danƙo, zanen gado kamar bai gama bushewa ba, ƙofar kabad idan aka buɗe ta tana warin ruma, takalman fata sun fara yin fari-fari. Gida mai makarin zafi da aka toshe da kyau ya fi shiga wannan hali, domin danshin numfashi da na wanka ba shi da inda zai fita. Ƙaramar na'ura da ke aiki a hankali na tsawon lokaci ita ce ke riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, inda jiki ya fi sakewa.

Na uku shi ne kuɗi: kuɗin saye, da waya mai kauri, da regulata mafi girma, da janareta ko sola mafi girma, duk don ƙarfin da ba za a taɓa amfani da shi ba.

Na ji an ce kilim mai inbata yana rage ƙarfinsa da kansa. Wannan bai kawar da matsalar ba?

Ya rage ta sosai, kuma ga gida irin wannan mai inbata nake ba da shawara a saya. Kwamfiresonsa yana iya rage gudu ya daidaita da bukatar ɗaki, maimakon ya tsaya cik. Sai dai ragewar tana da iyaka. Da yawa daga cikinsu ba sa sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na cikakken ƙarfinsu. Mai doki biyu idan ya sauka iyakar saukarsa yana nan tsakanin kilowat 1.3 da 1.8, wato daidai da abin da ɗakin misalinmu ke bukata a ranar da ta fi kowace rana zafi. Sauran kwanakin shekara duka zai koma kunnawa da kashewa kamar tsohon samfuri. Mai doki ɗaya kuwa yana iya sauka ƙasa da kilowat ɗaya. Don haka idan kuna duba takardar na'ura, ku nemi lambobi biyu na ƙarfin sanyayawarta da aka rubuta a jere, mafi ƙanƙanta da mafi girma. A gida mai makarin zafi, ƙaramar lambar ta fi muhimmanci.

Yaya batun tsananin zafin bazara? Ƙarfin da aka rubuta a kwali yana nan a digiri 45?

Ba ya nan, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, maimakon a ninka girma da ka. Yawancin na'urori ana auna ƙarfinsu ne a yanayin da ake kira T1, inda waje yake digiri 35. Da zarar zafin waje ya haura haka, zubar da zafi yana ƙara yi wa na'urar wuya, ƙarfinta ya ragu, wutar da take sha ta ƙaru. Akwai ajin T3 da aka yi wa ƙasashe masu tsananin zafi, wanda ake auna shi a digiri 46, kuma ake gwada shi ya ci gaba da aiki har digiri 52. Ga Garwa da Marwa da Kuseri da ƙetaren kogi a Chadi, T3 ya kamata a nema, a kuma gwada lissafin ɗaki da ƙarfin da aka rubuta na digiri 46. Idan wannan ƙarfin ya ɗara lissafinku da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya wadatar.

Inda aka ajiye ɓangaren waje ma yana cikin lissafi. Wanda aka kafa a bangon yamma, ko a saman dakali da rana ke gasawa, ko aka kulle shi cikin kejin ƙarfe mai ƙananan ƙofofi saboda ɓarayi, yana shaƙar iskar da ta fi ta gari zafi. A nema masa inuwa da sarari, kejin kuma ya zama mai faɗin ido.

Na'ura ɗaya za ta iya sanyaya gidan duka?

A lissafi tana iyawa, a zaman gida irin namu kuwa da wuya. Sanyi ba ya ratsa rufaffiyar ƙofa, kuma gidajenmu an tsara su ne kowa da ɗakinsa: sashen maigida, da ɗakin uwargida, da na yara, da falon baƙi da ke can kusa da zaure. Idan ɗakuna suna buɗewa ne cikin falo ɗaya kuma ana barin ƙofofi a buɗe da rana, na'ura ɗaya a falon tana iya riƙe sashen duka. Idan ba haka ba, akwai tsarin da ɓangaren waje ɗaya ke ciyar da kawuna biyu ko uku a ɗakuna daban-daban. Yana rage tarkace a bango, amma idan kai ɗaya ne kawai ke aiki da dare, babban kwamfireson ba ya iya sauka daidai da ƙaramar bukatar, kuma ranar da ya lalace gidan duka ne zai rasa sanyi. A wurin da samun kayan gyara ke ɗaukar lokaci, ni na fi karkata ga ƙananan na'urori masu zaman kansu.

Malam, falona yakan cika da mata ranar suna ko biki. Ba sai an yi lissafi da wannan ba?

Hajiya, kowane mutum da ke zaune yana fitar da kusan wat 120, don haka mata ashirin sun kai kilowat 2.4, wanda zai iya fin duk zafin da ke shigowa ta rufi da bango. Amma taro na 'yan kwanaki ne a shekara, kuma a ranar ƙofa ba ta zama a rufe. Idan aka sayi na'ura don ranar suna, sauran kwanaki za a zauna da illolin da aka ambata a sama. Abin da ya fi shi ne a yi lissafi da yawan mutanen da suka saba zama a falon, a sa fankar sama mai kyau, a kunna kilim tun da safe ranar taro. Idan falon yana yawan karɓar jama'a kowane mako, to a sa ƙananan na'urori biyu, ɗaya ta riƙa aiki kullum, ɗayar sai an cika.

Ginin ƙasa mai kaurin bango shi ma makarin zafi ne?

Ba daidai da soso ko audugar gilas ba. Zafi yana ratsa ƙasa fiye da yadda yake ratsa audugar gilas sau ashirin ko kusa da haka. Ƙarfin ginin ƙasa yana wajen jinkirta zafi: bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai bayan awanni, shi ya sa soron tubali yake da sanyi da azahar, kamar yadda dogayen ɗakunan ƙasa na ƙabilar Musgum a yankin Pus suke. Amma a ƙarshen bazara, lokacin da dare ma ba ya hucewa, bangon yakan ƙoshi da zafi ya riƙa amayar da shi cikin dare. Haɗin da ya fi kyau shi ne bango mai nauyi daga ciki, makarin zafi daga wajensa. Irin wannan gida yana baje zafin yini a kan awanni masu yawa, ƙololuwar bukatarsa ta ragu, wanda ke ƙara ba da damar ɗaukar ƙaramar na'ura.

Mu da ke Ngaundere, sanyi ne ke damunmu a hunturu. Mu sayi mai ɗumamawa?

Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga matakin teku, kuma darenta a Disamba da Janairu yana da sanyi na gaske, haka ma garuruwan duwatsun Mandara. Kilim mai juyawa, wanda ke sanyayawa kuma yake ɗumamawa, ya fi hita ta lantarki sauƙin wuta nesa ba kusa ba. Sai dai ku yi lissafin tukuna. A ɗakin misalinmu, idan waje yana digiri 11 ana son 21 a ciki, zafin da ke fita bai wuce wat 400 ba, kuma mutum biyu da ke kwance suna mayar da fiye da rabinsa. Gida mai makarin zafi a can zai iya wuce hunturu ba tare da an kunna komai ba. Ko an sayi mai juyawa, lissafin sanyayawa ne zai yanke girmansa.

Idan an toshe gida haka, daga ina iskar shaƙa za ta shigo?

Kilim irin na bango ba ya shigo da iskar waje, iskar ɗakin yake juyawa. A tsohon gini kafofi ne ke yin wannan aiki ba tare da an sani ba, a sabon gini mai toshewa kuwa dole a shirya masa hanya: ƙaramar fanka mai fitar da iska a banɗaki da madafa, da wata kafa mai matata da iska za ta shigo ta cikinta, saboda ƙurar hunturu. Wannan iskar ita ce wat 290 da muka sa a lissafi, kuma ba a cire ta don a rage lamba. Ina roƙon kowa da babbar murya kada a shiga da kaskon gawayi rufaffen ɗaki, ko don jin ɗumi ko don shayi, domin garwashi yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Turaren wuta ma a yi shi taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a rufe.

Me girman na'ura zai canza a batun wuta da janareta da sola?

Abu mai yawa. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72 da ke kan Binuwai, kuma ruwanta yakan ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da kowa ke neman sanyi. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gider, amma mai gina gida har yanzu yana bukatar ya yi tanadin ɗaukewar wuta. Tsohon samfurin kilim yana fizgar wutar da ta ninka ta aikinsa sau da dama a daidai lokacin tashi, wanda ke durƙusar da ƙaramin janareta. Mai inbata yana tashi ne a hankali. Ɗakin da ke bukatar wat 1,440 na sanyi zai sha kusan wat 500 na lantarki ko ɗan sama da haka a tsananin zafi, da dare kuma ƙasa da haka, abin da 'yan allunan sola da batir matsakaici za su iya ɗauka. Akwai kuma dabarar da gida mai makarin zafi kaɗai ke ba da dama a yi ta: a bar na'urar tana aiki da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, bango da daɓe su sha sanyi, ta yadda ko wuta ta ɗauke da magariba ɗakin zai riƙe sanyinsa na wasu awanni.

Wannan yana nufin a canza yadda aka saba amfani da kilim. Ƙaramar na'ura ba ta dace da a dawo gida a kunna ta a digiri 16 ana jiran sanyi nan take ba. A sa ta a 25 ko 26 a bar ta.

Yaushe ya kamata a yi lissafin, kuma me zan duba ranar da za a kafa na'urar?

A yi shi tun gida yana kan takarda, domin a lokacin ne gyara yake da araha. Mayar da babbar taga daga yamma zuwa arewa ko kudu, ko tsawaita baranda, ko zaɓen kwano mai haske, kowanne yana rage ɗaruruwan wat. Sannan a sake duba lissafin bayan an gama gini, a hau saman silin da tocila a tabbatar an shimfiɗa audugar ko'ina, har kusurwoyi da gefen bango, babu inda mai haɗa wayar wuta ya ɗage ta ya bari a buɗe. Lissafi yana aiki ne da abin da aka gina, kuma giɓi kaɗan a saman silin yana iya ɓata shi. Wanda bai natsu ba zai iya sa bututu da wayar wuta a kowane ɗaki, ya fara da na'ura ɗaya, ya ga yadda gidan zai yi a bazarar farko kafin ya ƙara.

Ranar kafawa, ku tabbatar mai aikin ya zo da injin zuƙe iska daga bututu, ya kuma yi amfani da shi kafin ya saki gas, domin iska da danshin da suka rage a ciki suna rage ƙarfi suna kuma lalata kwamfireso. Bututun biyu a naɗe su da soso har ƙarshe, kada su wuce tsawon da kamfanin ya ƙayyade, ramin da aka huda a bango kuma a toshe shi sosai. Tiyon ruwa ya gangara ba tare da lanƙwasa ba. Bayan haka, a lokacin hunturu a riƙa wanke matatar ciki duk mako biyu, a wanke ɓangaren waje kafin shigowar bazara. Idan a rana mafi zafi kuka ga na'urar tana aiki kusan ba tsayawa tun daga azahar har magariba kuma ɗakin yana nan a digirin da kuka sa, to girmanta ya yi daidai. Idan kuwa a irin wannan rana tana tsayawa duk bayan 'yan mintoci, ta fi ƙarfin ɗakin, kuma abin da za a iya yi shi ne a buɗe ƙofa ta ciyar da ɗakin da ke kusa, ko a mayar da ita falo a sa ƙarama a wurinta.